KARE A MOTA BA KAREN MOTA BA NE

Duk wanda ya taɓa shiga tasha ya san karen mota, watau yaron nan mai bin direba, shi ne mai ɗaure kaya, shi ne mai sa weji, shi ne kuma mai shan faɗa in an yi faci. Shi wannan yana da baki. In zafi ya dame shi zai faɗa, in ƙishirwa ta kama shi zai sauka ya nemi ruwa. To, maganarmu ta yau a kan kare na sosai take, mai ƙafa huɗu, irin manya-manyan nan na gidajen masu hali, waɗanda akan tura cikin mota a ce da ɗan'uwanmu direba ya kai su wani gari.

Wani zai ce ina ruwan Bahaushe da wannan? Da ruwansa ƙwarai. Ka zaga Ikoyi da Lekki a Ikko, ko Bodija a Badun, ko unguwannin manya a Fatakwal da Inugu, ka dubi masu gadin gidajen da direbobinsu, za ka tarar da yawa daga cikinsu mutanenmu ne. Su ke ba karnukan nan abinci, su ke sakinsu da dare, su ke kai su asibitin dabbobi. Idan Kirsimeti ta zo Oga zai tafi ƙauye da iyalinsa, ko kuwa an yi masa canjin wurin aiki zuwa Abuja, kare ba ya zama shi kaɗai a gida. A mota za a sa shi, kuma ɗan Arewa ne zai riƙe sitiyari. Ga kuma 'yan'uwanmu mafarauta waɗanda kan yi doguwar tafiya da karnukansu a bayan manyan motoci.

Ra'ayina a kan wannan al'amari ɗaya ne. Kada direba ya yarda ya ta da mota da babban kare a ciki sai an tanadar wa karen wurin zama tsararre, da iska, da ruwa, da takardarsa ta rigakafi. Wanda ya tsaya a kan haka ransa ya tsare, da aikinsa, da amanar da aka ba shi.

AMANA CE

Na san da yawa daga cikinmu ba su ƙaunar kare ya matso kusa da su, balle ya lashe su. Ba wanda ya ce sai ka so shi. Amma ƙin abu daban, zaluntarsa daban. Malamanmu sun karantar da mu labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a cikin huffinsa ya shayar da kare mai jin ƙishirwa, Allah ya gafarta masa saboda wannan, kuma hadisin yana cikin Buhari da Muslim. An halatta ajiye kare domin farauta da tsaron dabbobi da gona. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu muke bi, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, mai shakka kuwa ya tambayi malaminsa. 'Yan'uwanmu Kirista 'yan Arewa su ma sun san addininsu bai yarda da azabtar da dabba ba.

Dokar ƙasa ma ta yi magana. A cikin kundin laifuffuka da ake aiki da shi a yawancin jihohin Kudu, sashe na 495 ya ce laifi ne mutum ya ɗauki dabba a abin hawa ta yadda za ta sha wahalar da ba dole ba, kuma hukuncin yana iya kai wa ɗaurin wata 6. Laifin ya haɗa da wanda ya ɗauka da mai dabbar da ya yarda aka ɗauka haka. Ba kasafai ake gurfanar da mutane a kan wannan ba, amma ran da aka tashi nema, mai karatu ya san tsakanin Oga da direba wa za a fara kamawa.

BUHUN SIMINTI MAI HAƘORA

Bari mu zo kan nauyi, domin nan ne mutane suka fi yin sakaci. Namijin Alseshan, karen nan na 'yan sanda, yakan kai kilo 30 zuwa 40. Rotwaila yakan kai kilo 50, watau daidai da buhun siminti guda. Burbul, wanda asalinsa daga Afirka ta Kudu ne, yakan wuce kilo 60. Wane direba ne mai hankali zai aza buhun siminti a kujerar baya, daidai ƙeyarsa, bai ɗaure ba, sa'an nan ya hau hanyar Ikko zuwa Badun da gudu?

Idan mota tana gudu, duk abin da ke cikinta gudun yake yi tare da ita. In ta tsaya farat ɗaya, abin da ba a ɗaure ba ba ya tsayawa, gaba zai ci har sai ya bugi wani abu. Masu ilmin lissafi sun auna cewa karo a gudun kilomita 50 cikin awa daidai yake da faɗowa daga tsawon mita 10, kamar bene mai hawa uku ke nan. Wannan kuwa gudun cikin gari ne. A gudun kilomita 100, wanda shi ne iyakar da doka ta ba ƙananan motoci a babbar hanya, abin ya ninka huɗu, ya zama kamar faɗowa daga mita 40, fiye da sulusin tsawon Gidan Koko na Badun. To, ka ƙaddara karen kilo 50 ya faɗo maka a wuya daga can. Bel ɗin da ka ɗaura ba zai tsare ka daga abin da ya taho ta bayanka ba. Karen zai mutu, mai yiwuwa kuma ya tafi da kai.

Ko ba a yi karo ba, sakakken kare fitina ne. Hon ɗin tirela ya firgita shi, ya yi tsalle ya faɗo gaba. Ya hango akuya a bakin hanya, ya tashi da haushi a kunnenka. In ka waiwaya na daƙiƙa biyu kacal a gudun kilomita 100, motar ta riga ta ci mita 55 ba mai kallon hanya, fiye da rabin filin ƙwallo. Sa'an nan ga wani abu da ba a cika tunawa ba. Bayan haɗari, kare mai rauni a firgice yake, yana iya cizon duk wanda ya miƙo hannu. Mutanen da suka sheƙo domin su ciro ka daga mota, in suka ga Rotwaila a sake yana gurnani, baya za su ja, kai kuwa jini yana zuba.

INDA BA A SA KARE

But ɗin ƙaramar mota kabari ne. Ba iska, ga zafin kwalta daga ƙasa, ga na rana daga sama, ga hayaƙin salansa yana iya shiga, shi kuwa hayaƙin nan yana da guba marar wari mai kashewa cikin ruwan sanyi. Ɗaga murfin but da ɗan katako ba dabara ba ce, hayaƙin ma ya fi samun hanyar shiga.

Kujerar gaba ita ma ba wurinsa ba ce. Jakar iskan nan da ke fashewa a lokacin karo an yi ta ne domin babban mutum mai ɗaure da bel, kare kuwa tana iya karya shi. Haka nan ɗaure shi da sarƙa ta abin wuya a jikin kujera, wannan rataya ce ake shirya masa, birki ɗaya mai ƙarfi ya isa ya karya masa wuya. Barinsa ya leƙo da kai ta taga yana shan iska, ko da yake yara suna sha'awar gani, tsakuwa da ƙura suna lalata masa ido, ɗan acaba yana iya gogarsa, shi kansa yana iya dirowa.

Bayan a-kori-kura a buɗe shi ma haka. Ƙarfen daɓen yana ɗaukar zafi da rana har ya sale masa tafin ƙafa. In igiyarsa doguwa ce ya yi tsalle, sai ya rataye a gefen mota, ko a yi ta jansa a kan kwalta direba bai sani ba. Wannan gargaɗi ya shafi mafarauta musamman. Karen da ka yi shekara biyu kana horarwa, bai kamata ka cusa shi tsakanin buhuna a ƙarƙashin tamfol ba. A yi musu rumfa mai shan iska, a shimfiɗa katako ko buhu a ƙasa, a raba waɗanda ba sa shiri da juna.

INDA AKE SA SHI

Abin da ya fi dacewa da babban kare shi ne keji mai ƙarfi, a bayan jif ko mota mai dogon baya. Girmansa ya zama yadda karen zai iya tsayawa, ya juya, ya kwanta, kada ya wuce haka da yawa, domin in fili ya yi yawa sai ya riƙa bugun bango duk sa'ad da aka taka birki. A jingina kejin da bayan kujera, a ɗaure shi tam da igiyar kaya a jikin ƙarfen mota, gama kejin da ba a ɗaure ba shi kansa makami ne. Mai walda na kirki zai iya ƙera shi, muddin ya goge duk wani tsini, ya bar ƙofofin iska ta kowane gefe, ya sa sakata wadda kare ba zai iya turewa ba. Kada kuma a zagaye kejin da buhunan shinkafa da akwatunan Madam har iska ta rasa hanya.

In motar ba ta da wurin keji, sai ɗamarar ƙirji, watau wata irin riga mai faɗi da ke kama ƙirjin kare da kafaɗunsa, a haɗa ta da bel ɗin kujerar baya, a bar igiyar gajeriya. Amma fa a yi hattara wajen saye. A 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, a 2003 ta fara tilasta ɗaura bel, shi kuwa bel ɗin mutum sai an gwada shi kafin a sa a mota. Ɗamarar kare ba haka take ba, kowa yana iya ɗinka tasa ya kai kasuwa. A 2013 wata cibiya a Amurka mai binciken lafiyar dabbobin gida ta gwada ire-iren ɗamarar nan da gunkin kare a cikin karo na gwaji, yawancinsu suka kasa, waɗansu suka tsinke. Saboda haka a duba ɗinkin, a duba maɗaurin ya zama na ƙarfe. Wanda aka yi da roba na yawo da kare ne a unguwa, ba na hanyar Ore ba. Araha ba ta ado.

In Oga ya ce kuɗin keji ya yi yawa, sai a tuna masa nawa ya sayi karen, nawa yake kashewa a abincinsa kowane wata, nawa ne kuma gilashin gaban motarsa.

ZAFI YA FI KARO KISA

Mutum yana gumi ta ko'ina a jikinsa. Kare ba shi da wannan baiwa, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafi, shi ya sa ka ga ya zaro harshe. In iskar da yake shaƙa mai zafi ce, ga kuma laima irin ta Kurmi, hakin ba ya yi masa amfani sosai. Zafin jikin lafiyayyen kare digiri 38 zuwa 39 ne. Da zarar ya haura 41, ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta sun fara lalacewa. Masu gajeren hanci da masu kaurin gashi, irin na ƙasashen sanyi da ake yayi yanzu, da tsofaffi da masu ƙiba, su suka fi saurin faɗuwa.

A 2005 waɗansu likitoci na Jami'ar Stanford a Amurka suka auna zafin motar da aka ajiye a rana. Suka samu cikin awa ɗaya zafin cikinta yakan ƙaru da kimanin digiri 22, kuma kashi 80 cikin 100 na ƙarin a rabin awar farko yake faruwa. Suka ɗan sassauta gilashin taga, bai canza kome ba sosai. To, ka ɗauki rana irin ta watan Maris a Ikko, digiri 33, ka ƙara 22, ka ga inda aka kai. Saboda haka direban da ya kulle kare a mota ya ce bari in yi salla in ci abinci in dawo, yana iya dawowa ya tarar da gawa. In za ka tsaya, a fito da shi inuwa, wani ya riƙe shi, ku yi karɓa-karɓa.

Cunkoson motoci shi ma tarko ne. Tun da aka janye tallafin mai a 2023, direbobi da yawa sukan kashe na'urar sanyaya mota, har ma da injin, in an tsaya cik a Gadar Kara ko Mowe. Mai kare a mota ba shi da wannan zaɓi. A tuna kuma bayan jif ya fi gaba zafi, sanyin da direba yake ji ba lalle ne yana isa can ba. Ka riƙa miƙa hannu kana ji in an tsaya.

Alamun da za a lura da su su ne haki mai tsanani, dalalar yawu mai kauri, dasashi ya yi ja wur, tangaɗi, amai, sa'an nan faɗuwa. In ka ga haka kada ka ce bari mu ƙarasa gari. Tsaya nan take, kai shi inuwa, kwarara masa ruwa mai sanyi a jiki duka, ko da fiya wata ne, a yi masa fifita. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen zane, riƙe zafin yake yi. In yana iya sha, a ba shi kaɗan-kaɗan, kada a ɗura masa. Bayan nan a nemi likitan dabbobi ko da ya miƙe, domin ɓarnar ciki ba a ganinta a ranar.

GUZURI DA ZANGO

Daga Ikko zuwa Anacha ya haura kilomita 400, zuwa Kano kuwa wajen 1,000 ne. A tashi da zarar an sallame asuba, a ci rabin hanya kafin rana ta take. A ba karen abinci marar yawa awa uku ko huɗu kafin tashi. Manyan karnuka masu zurfin ƙirji suna da wata cuta inda ciki kan kumbura ya murɗe, tana kisa cikin 'yan awoyi, cika ciki da jijjiga kuwa ba su taimakawa. A ɗauki jarkar ruwa da kwanonsa. Kowace awa biyu a tsaya, a sa masa igiya tun kafin a buɗe ƙofa, a fito da shi ta gefen daji, ya sha ruwa ya zaga. A kauce wa tsakiyar kasuwa da tasha, kamar inda motoci ke taruwa a Ore ko Lakwaja, a ɗan gota gaba inda ba jama'a. Ka taɓa kwalta da bayan hannunka, in ba za ka iya jurewa ba, shi ma ƙafarsa ba za ta jure ba.

Kada tausayi ya sa ka jefa masa abin da ke hannunka. Goro yana da sinadarin da jikin kare ba ya iya sarrafawa, haka ma cakulan. Albasar tsire tana lalata masa jini. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji. Mafi muni shi ne a ba shi ƙwayar barci ko maganin ciwon jiki na mutane wai don ya natsu. Waɗansu magungunan da ba su yi mana kome suna kashe kare, mai maye kuma ba ya iya haki yadda ya kamata. In karen mai amai ne ko mai firgita a mota, likitan dabbobi ne zai rubuta abin da za a ba shi.

TAKARDA DA TAKUNKUMI

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunsa sun bayyana ba a warkewa. Allurar rigakafinsa ga kare tana nan, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana yin ta, ana samunta kuma a asibitocin dabbobi na jiha da na jami'o'i irin na Badun da Nsukka da Zariya. Kafin tafiya direba ya nemi katin rigakafin, ya duba kwanan wata, ya ajiye shi tare da takardun mota. Ranar da karen ya yakushi ɗan wani a ƙauyen da ba a san ka ba, ba ka jin yarensu, katin nan shi ne zai tsaya maka. In cizo ya auku, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana har minti 15, a garzaya asibiti a ranar.

A tafi da takunkumi irin mai raga, wanda kare zai iya buɗe baki ya yi haki a ciki. A sa masa in an zo shingen bincike ko za a fito da shi cikin mutane. Ɗaure masa baki da tsumma ko igiya a cikin zafi kuwa kisa ne. In jami'i ya ce a buɗe baya, ka gaya masa tun da wuri akwai kare a ciki.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Karen da bai taɓa shiga keji ba, a fara sa masa abinci a ciki tun saura mako biyu, a riƙa ɗan zagayawa da shi unguwa, yau minti goma, gobe ashirin, har ya saba.

YADDA ZA A GAYA WA OGA

Na san abin da ke zuciyar mai karatu. Aiki ya yi wuya, bayanka akwai mutum goma masu jiran kujerarka, yaya za ka kafa wa mai gida sharaɗi? Ba faɗa za ka yi ba. Ka same shi tun tafiya da sauran kwanaki, ka ce, “Oga, ranka ya daɗe, karen nan dukiya ce, yara kuma za su zauna a motar. In na taka birki da ƙarfi, a kansu zai faɗo. A taimaka a sa mai walda ya yi mana keji, a kuma ba ni katin allurarsa.” Mai gidan kirki zai ƙara ganin girmanka. Wanda ya ƙi kuwa, ka faɗa masa a gaban shaida, domin in karen ya mutu a hanya, a albashinka za a ce za a cire kuɗinsa, wani ma har ofishin 'yan sanda zai kai ka.

Muna kira ga Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu da sauran zangunanmu, da shugabannin ƙungiyar direbobi, su sa wannan magana cikin abin da suke gaya wa matasa masu shigowa aikin tuƙi da gadi. A Ingila dokar hanya, a ƙa'ida ta 57, ta umarci direba ya tsare dabba a mota yadda ba za ta ɗauke masa hankali ko ta ji wa wani ciwo ba. Ya kamata Hukumar Kiyaye Haɗurra ta riƙa faɗin irin wannan a fili cikin wayar da kan da take yi a ƙarshen kowace shekara, da Hausa da Yarabanci da Ibo, yadda nauyin zai hau kan mai kare, direba ya samu abin kafa hujja.

Jama'a, neman halaliya ya kawo mu Kurmi, iyalanmu suna can gida suna jiran mu koma da ƙafafunmu. Kada sakacin rabin awa ya sa a aika musu da mugun labari, ko kuwa mu tashi gobe kiyama da hakkin dabbar da ba ta da bakin kai ƙara. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye hanya, ya sauke mu lafiya, amin.